Ƙodar Kawun Aku

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya fama da rana, yaya kuma gefen cikin naka? Ina fata kana shan ruwa kamar yadda likita ta ce, ba ka rataye gorar a jikin katafila tana shan rana kai kana ce mini kana sha ba. Na san halinka sarai. Mai ƙoda ɗaya ba ya wasa da ƙishirwa, ko da taurin kansa ya kai na mutum biyu.

Na yi ta kiran lambarka har babban yatsana ya gaji, kullum sai matar nan ta cikin waya ta ce ba a samunka. Wannan dajin da kuke shimfiɗa titi a cikinsa, ina jin ko aljani ba ya samun sabis. Shi ya sa na nemi direban da ke kai muku kaya na roƙe shi ya damƙa maka wannan hannu da hannu.

Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Aku tana asibiti. Tana da rai, tana numfashi da kanta, na fara da wannan ne don kada zuciyarka ta buga a inda babu mai kama ka.

Ka san tun da ta warware daga dashen ƙodar da ka ba ta ta dawo shago tana taya ni. Ba na barin ta taka keken ɗinki, aikinta sa maɓalli da zura mini zare a allura, tunda nawa idon ya fara yi mini rowa. Ranar Talata da hantsi na miƙa mata allura, sai na ga tana ta kai zaren yana wucewa ta gefe. Yarinyar da ke zura zare tana surutu ba tare da ta duba ba! Har na tsokane ta, na ce ashe a gidanmu tsufa daga ƙasa yake farawa. Ta yi dariya, ta ce ƙwan fitilar shagon ne ke yi mata walƙiya a ido. Ban kawo komai ba, na ci gaba da ɗinkina.

Can sai na ji ta tambaye ni wai don me na rufe ƙofa na kashe wuta. Auta, rana tsaka, ƙofa a wangale, haske har kan cinyarta. Kafin na ɗago ƙafata daga kan keke idanunta sun juye gefe guda, wuyanta ya bi su, ta sulale tsakanin keken da teburin yanka. Jikinta ya sandare, sannan ya kama jijjiga, ƙafarta na dukan ƙarfen keke, kumfa na fita ta gefen bakinta. Na sha ganin Aku cikin ciwo. Na gan ta a kumbure, na gan ta shekaru a kan injin wankin ƙoda, amma ban taɓa ganin ta kamar ba ta cikin jikinta ba sai ranar.

Ihun da na yi ya tara layin gaba ɗaya. Ka san mutane, kowa likita ne idan ɗan wani ne a ƙasa. Wata ta rugo da cokali za ta tura mata a baki, wata tana cewa a danne ƙafafun, mai sayar da takalma kuwa tana daga bakin ƙofa tana rantsuwa iska ce ta taɓa ta. Wallahi ban san lokacin da na fizge cokalin na wurga shi titi ba. Abin da nas-nas ɗin ɗakin wankin ƙoda suka taɓa koya mana na tuna: na janye teburin, na juya ta kan gefenta, na tura ragowar yadi ƙarƙashin kanta. Mai wanki da guga na kusa da mu, Allah ya saka masa, shi ya bar kayan mutane ya kawo motarsa. A hanya abin ya sake tashi, ina riƙe da kanta a cinyata ina kiran sunanta, shi kuma yana tuƙi yana salati.

Da muka isa aka auna jininta, nas ɗin ta dubi abin awon, ta sake aunawa a ɗaya hannun, sannan ta fita da gudu. Tun daga nan na san babu lafiya. Sun yi mata allurai, jijjigar ta lafa, sun ɗaura mata ruwan da ke saukar da hawan jini a hankali. Ta farka jiya, ta gane muryata, amma ba ta gani. Idon a buɗe yake tar, babu ja babu kumburi, sai dai in na wuce da hannuna a gabanta ko ƙiftawa ba ta yi.

Na san tambayar da ke bakinka, don ita na fara yi wa likita. Ƙodarka tana aiki. Tana fitsari, gwajin bai nuna komai a kanta ba. Sun ce matsalar a kai take, gobe za su tura ta cikin injin nan mai ƙara su ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.

Kada ka yi gangancin baro aiki ka taho, ba abin da za ka yi mata a nan da addu'a ba za ta yi daga can ba. Ka gaishe da abokan aikinka. Allah ya tsare mini kai.

Yayarka,
Maman Aku


Auta ɗan'uwana,

Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ta kullum, ina kuma tambayar lafiyarka da ta waɗanda kuke tare. Ban san ko takardar farko ta same ka ba, amma direban ya ce zai sake bi ta wajenku, ni kuma cikina ya cika, in ban amayar da shi a takarda ba zai kashe ni.

An yi hoton. Likitar ƙoda, doguwar nan da ke ce maka jarumi kana sunkuyar da kai, ta kira ni ofishinta tare da wani likitan ƙwaƙwalwa mai sanƙo. Ya nuna mini kan Aku a allo. Ta wajen ƙeya, dama da hagu, akwai fari-fari kamar inda bilic ya ɗiga a baƙin yadi. Ya ce wannan wurin shi ke karɓar abin da ido ya gani, shi ya sa idon lafiya lau amma ba ta gani. Wai idan jini ya hau da ƙarfi farat ɗaya, ƙananan jijiyoyin wurin sai su kasa riƙewa, ruwa ya tsattsafo, wurin ya kumbura. Kumburin ne ke kawo ciwon kai da amai da ruɗewa da makanta, shi ne kuma ke tayar da jijjiga.

Na ce masa mu a danginmu babu mai farfaɗiya. Ya ce wannan ba gado ba ne, kuma ba kowa yake kamawa ba, yana da mutanensa. Masu ciwon ƙoda, masu hawan jinin da ke tashi babu sallama, mata masu ciki ko sababbin haihuwa da jininsu ya hau, masu shan maganin ciwon daji, da masu shan maganin da ke kwantar da garkuwar jiki bayan dashe. Ina ji ina lissafa wa 'yata, sai na ga ciki da daji kawai aka ɗauke mata, sauran duk ta haɗa. Ya ƙara da cewa wani gishiri na cikin jininta ya yi ƙasa, shi ma yana buɗe wa jijjiga ƙofa. Amma ya ce yawanci idan aka sauke jinin aka janye abin da ya jawo shi, kumburin yana sacewa, gani ya dawo. Wannan maganar na ƙulle a bakin zanina, da ita nake kwana da ita nake tashi.

Sai likitar ƙoda ta gyara zama ta tambaye ni wa ke ba Aku magani a gida. Na ce ita da kanta, ai ta fi agogo kiyaye lokaci, wayarta na ƙara za ta ajiye ko me take yi. Ta ce to maganin riƙe ƙodar da suka samu a jininta ya wuce abin da suka rubuta nesa ba kusa ba, kuma shi kansa maganin idan ya yi yawa yana hawar da jini yana taɓa jijiyoyin kai. Raina ya ɓaci, har na fara ɗaga murya, na ce su binciki inda aka ba mu maganin, 'yata ba ta wasa da shi. Ta bar ni na gama, ta ce in je in tambaye ta a hankali.

Ban ma kai ga tambaya ba. Ina zama a bakin gado ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce tana da magana amma in yi alkawari ba zan faɗa wa Kawu ba. Ban yi alkawarin ba, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ashe ta daɗe tana fama da ciwon kai, irin mai sara ta ƙeya, ni ina zaune kusa da ita ban sani ba. Da ta ji shi sai tsoro ya kama ta, ta ɗauka ƙodar ce ke shirin tafiya. Ta tuna an ce mata idan ta tsallake magani jikinta zai far wa ƙodar, sai ta yi lissafi irin nata: tunda rashin sha ke kore ta, ƙari zai zaunar da ita. Duk ranar da kan ya matsa mata sai ta ƙara ƙwaya. In ta yi amai bayan ta sha, sai ta sake shan wani, wai kada na farkon ya zama ya fita. Kan na ƙara sara, tana ƙara magani, maganin na ƙara sara kan. Na'urar awon jinin da ka saya mata kuwa, da ta ga lambobin suna hawa sai ta cire batirin ta ce mini ta lalace, don kada in kai ta asibiti a ce an ga matsala. Garin neman gira, Auta.

Na ce mata don me ba ta faɗa mini ba, ni ba uwarta ba ce? Sai ta fashe da kuka da idanun nan da ba sa kallon ko'ina. Ta ce duk wanda ya zo duba ta tun ranar da aka sallamo ku, maganarsa ɗaya ce: ki riƙe amanar kawunki, kin ga abin da ya yi miki, saura ki yi sakaci. Gwaggonni sun faɗa, maƙwabta sun faɗa, har masu kawo ɗinki sai sun faɗa kafin a auna su. Ta ce da wane baki za ta ce kanta na ciwo, bayan wani ya bari an tsaga cikinsa dominta bai ce uffan ba.

Kuma ta san zancen aikin kashe gobara. Ka ce mata kai ka fasa don ka ga aikin titi ya fi, mu ma muka taya ka ƙaryar. To ta sani. Ta ji lokacin da kake gaya mini a tsakar gida cewa ka ci gudu, ka ci hawan igiya, ka ci rubutu, sai a wajen gwajin lafiya suka ga tabon suka ce ka yi haƙuri. Ta ce tun tana 'yar firamare take ganinka kana fita gudu da sassafe saboda aikin nan, in motar kashe gobara ta wuce kana leƙawa ta taga kamar yaro. Ta ce ita ta cinye maka shi, don haka ko za ta mutu ba za ta bari ƙodar ta lalace a hannunta ba.

Na zare hannuna daga nata a hankali. Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar babanta. Ina jin haushin gwaggonnin, ina jin haushin bakin mutane, ina jin haushin ita kanta Akun, yarinyar da muka sa wa wannan suna saboda surutu amma ta iya rufe baki a kan abin da zai kashe ta.

Sun dakatar da wancan maganin, sun sa mata wani mai sauƙi kafin kan ya sace. Likitar ba ta ɓoye mini ba, ta ce a wannan tsakanin ƙodar tana tsaye ne babu cikakken mai gadi.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata mai jego, ita ma irin ciwon ne ya kama ta kwana kaɗan bayan ta haihu. Ta zo ba ta gani, ana ɗora mata jaririn tana shafa fuskarsa da yatsa. Jiya da rana muka ji ta ƙwala ihu, wai ashe yaron kunnen babansa ya ɗebo, faka-faka. Duk ɗakin aka yi dariya, har Aku. Ina taya ta murna da gaske, amma ba zan yi maka ƙarya ba, sai da na ji da ma tawa ce ta gani.

Ka kula da kanka, ka ci abinci. Ina gaida kowa.

Taka har kullum,
Yaya


Ƙanena na kaina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, takardarka ta iso, duk ta sha man inji, da ƙyar na karanta rubutun nan naka mai kama da tafiyar kaza. Na gode Allah da ka ce jikinka garau. Na kuma ji cewa ruwa ya cinye hanyarku, shugaban aikinku ya ce babu mai fita sai an gama gadar. Ka yi zamanka, ni ma abin da na ce ke nan.

Na karanta wa Aku inda ka ce ta kwantar da hankalinta, ƙodarka halinka gare ta, ba ta barin gidan da ake ba ta abinci kyauta. Ta yi dariya har nas ta leƙo. Inda ka ce ɗan'uwa rabin jiki ne, kai dai ka biya naka rabin a zahiri, nan kuma ta ce in sake karantawa. Sauran da ka rubuta game da aikin gobara, cewa ko yau aka dawo da kai baya abin da za ka zaɓa ke nan, na karanta mata har sau biyu. Ta karɓi takardar ta tura ƙarƙashin filo.

Yanzu ga albishir. Aku tana gani! Abin ya fara ne da taga, ta ce tana ganin wani fari mai kusurwa huɗu. Washegari ta ce mutane na wucewa kamar inuwa a bayan labule. Shekaranjiya da safe ina zuba mata ruwan zafi a kofi sai na ji ta ce, wai ni ba ni da wata riga ce sai wannan mai ruwan toka, kuma ɗankwalina a bai-bai yake. Kofin ya kusa faɗuwa daga hannuna. Na rungume ta ina kuka ina zaginta, na ce makauniyar jiya har ta samu bakin raina mini kaya. Likitan ƙwaƙwalwa ya sake hoto, farin nan ya ragu sosai, har ya nuna mini na da da na yanzu gefe da gefe yana murmushi kamar shi ya haife ta.

Da a nan takardar ta ƙare da na fi kowa farin ciki. Amma ana wata ga wata.

Tun jiya fitsarinta ya ragu. Ka san ni da robar nan da ake tarawa, na fi mai gadi sa mata ido, kuma na ga ba ta cika kamar da. Ƙafafunta sun fara ɗagawa, in na danna yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Da yamma zazzaɓi ya rufe ta, kuma in aka taɓa ƙasan cikinta na dama, inda taka take, sai ta cije leɓe. Ba ta ce yana ciwo ba, ka san ta. Ni na gani a fuskarta na kira nas.

Sun tsaga ɗan wuri da allura sun ɗebi ƙwayar naman ƙodar za su duba. Likitar ta ce tana zargin jikin ya farga da baƙuwar da ke cikinsa. Na tambaye ta ko ba sai a mayar da maganin farko ba tunda kan ya sace, ta ce za su gwada kaɗan-kaɗan suna auna jinin, amma kan da ya taɓa kumbura ba a yi masa gaggawa.

Aku ta ga fuskokinmu, yanzu ai babu damar ɓoye mata. Wani sa'in har nakan ce da ma ganin ya ƙara kwana biyu bai dawo ba, sannan in yi istigfari. Tun safe take roƙon nas wai a ba ta tsohon maganinta, ita ta yarda kan ya yi ciwo, ta saba.

Ka taya mu da addu'a, Auta, irin wadda ba ka taɓa yi ba. Ina gaishe ka, Aku ma ta ce a gaida Kawu, a ce masa tana riƙe.

Yayarka


Auta,

Ina yi maka sallama, ina fatan kana cikin lafiya da kariyar Ubangiji. Na san ka ji shiru, na kuma san direban ya zo shago har sau biyu da takardunka ya tarar a rufe. Suna hannuna, na karanta. Na sha ɗaukar biro in ajiye, don ban san ta inda ake fara irin wannan magana ba.

Gwajin ya tabbatar jikinta ya juya wa ƙodar baya, kuma da ƙarfi. Suka mayar da tsohon maganin kaɗan, suka haɗa da wasu allurai masu ƙarfi na kwantar da garkuwar jiki. Kwana biyu kamar abin zai yi, fitsarin ya ɗan ƙaru, har na fara sakin raina. A rana ta uku da la'asar tana zaune tana ba ni labarin wata nas da ke soyayya da mai tura gado, sai ta tsaya a tsakiyar magana ta ce, Mama, walƙiyar nan ta dawo.

Wannan karon jijjigar ba ta tsaya ba. Ta shago wasa ce. Tana lafawa wata na tasowa, ba ta farfaɗowa a tsakani, allura ɗaya, ta biyu, duk a banza. Suka tura gadon da gudu zuwa ɗakin da ba a barin kowa ya shiga, suka sa ta barci da magani, inji na yi mata numfashi. Ta gilashi nake leƙenta. Hoton da aka yi ya nuna kumburin ya dawo ya fi na da faɗi, har da ɗan ɗigon jini a gefe guda.

Likitocin biyu suka zaunar da ni. Likitar ƙoda ta ce in ana son ceto ƙodar sai an ci gaba da magungunan nan, a ma ƙara, kuma ko an yi hakan ba ta da tabbas. Na ƙwaƙwalwa ya ce in aka ci gaba jinin zai yi ta hawa, kuma ciwon da ake cewa yana warkewa ba kullum yake warkewa ba. Idan jini ya ɓalle a kai, ko ta tashi babu ido har abada, ko babu hankali, ko kada ta tashi. Suka ce Aku ba ta cikin halin da za a tambaye ta, ni ce uwa. Gaba kura, baya sayaki.

Na san abin da za ta ce da an tambaye ta, kai ma ka sani. Na nemi waya na kira lambarka a tsaye a wurin, ko Allah zai sa, matar nan ta sake ce mini ba a samunka. Na tuna ranar da aka fito da kai daga tiyata kana layi da maganin barci, kana tambaya ko ta yi fitsari. Na tuna komai, Auta, babu abin da na manta. Sannan na ce musu su janye maganin su bar mini 'yata.

Ta farka bayan kwanaki. Tana gani, tana magana, ta san kowa, hannunta na hagu ne kawai ya ɗan yi nauyi, shi ma sun ce zai saki. Jijjigar ba ta sake dawowa ba. Ƙodar kuwa ta tsaya. An mayar da ita kan injin wanki, ɗaki ɗaya da na da, kujera ɗaya ta jikin taga, nas-nas ɗin da suka yi mana rakiya da tafi ranar da muka bar wurin su suka karɓe mu, kowacce tana kauda kai. Da ta ga injin ba ta yi kuka ba, ta miƙa hannu kawai aka soka.

Tsugune ba ta ƙare ba, don ƙodar da ta mutu ta ci gaba da kumbura tana sa mata zazzaɓi da fitsarin jini, dole suka ce sai an cire. An yi aikin ranar Litinin, an gama lafiya.

Kafin a shiga da ita likitar ta zo tana yi mata bayani, ta tambaye ta ko tana da tambaya. Tun da ta farka ba ta yi doguwar magana da kowa ba, ni kaina sai e da a'a. Sai ta ɗago ta ce tana da ita. Ta ce tunda za a ciro, ko za a iya wanke ta a mayar wa kawunta abinsa, ko da ba ta aiki sosai, don in sun ga biyu ne a jikinsa wataƙila 'yan kashe gobara su ɗauke shi aikin. Da gaske take, Auta, har tana cewa ita ba ta daɗe da ita ba, ba ta gama lalacewa ba. Likitar ta riƙe hannun Aku ta ce ba ya yiwuwa, sannan ta fita da sauri ta bar fayil ɗinta a kan gado.

Ban rubuto don in ba ka haƙuri a madadin kowa ba. Ni aka tambaya, ni na amsa, kuma ko gobe aka sake tambayata amsar ke nan. In akwai wanda za ka riƙe a zuciya, ga ni, na ɗauka. Amma zuciyata a karye take saboda kai, ƙanena. An yanke ka, an hana ka abin da ka taso kana so, kana can cikin rana da ƙoda ɗaya, ɗayar kuma na sa baki an bar ta ta mutu. Ban san da wane ido zan dube ka ba.

Sau biyu na ce maka kada ka zo. Yanzu na janye. In gadar ba ta ƙaru ba ka bi ta cikin ruwan. Aku ba ta cin abinci sai an yi da gaske, kuma duk lokacin da aka turo ƙofar ɗakin sai ta ja mayafi ta rufe fuska, sai ta ji muryar ba taka ba ce take buɗewa. Na gaya mata ba ka fushi, na rantse mata, ta ce ni uwa ce dole in faɗi haka. Nawa bakin ya ƙare. Ka zo ka yaye mayafin nan da hannunka.

Allah ya kawo mini kai lafiya.

Yayarka,
Maman Aku